An Sallame Shi Amma Har Yau Haki Yake: Wa Ke Bibiyar Huhun Waɗanda Suka Tsira?

A shekarar 2020, kusan kowane dare hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, kan fitar da alƙaluman korona, jama'a kuma su yi ta duba waya kafin su kwanta. Lissafi uku ake kawowa: waɗanda aka tabbatar sun kamu, waɗanda suka rasu, da waɗanda aka sallama. Na farko da na biyu ke tayar da hankali, na uku kuwa shi ake yi wa hamdala. Da zarar mutum ya shiga sahun waɗanda aka sallama, gwamnati ta gama da shi, asibiti ya rufe fayil ɗinsa, 'yan dubiya sun koma harkokinsu. A ganina nan ne tsarin kiwon lafiyarmu yake da babban giɓi, kuma giɓin ya girmi korona, yana nan kuma bayanta. Duk wanda ciwon ƙirji ya kayar har sai da aka sa masa oksijin, babba ne ko yaro, bai kamata a rabu da shi a ƙofar asibiti ba. Ya cancanci a ba shi ranar dawowa, a auna numfashinsa, a gaya masa gaskiyar halin da huhunsa ke ciki.

Mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilun 2020 ba. Masu haƙar kabari ne suka fara cewa abin ya wuce yadda aka saba gani. A watan Yuni, ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa tawagar da aka tura ta ƙirga mutum 979 da aka binne a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa korona ce sanadin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen. Fiye da rabinsu a gida suka cika. To idan cuta ta kai ɗaruruwa kushewa cikin 'yan makonni, mutum nawa ta kwantar, ta yi musu ɓarna a ƙirji, amma kwanansu bai ƙare ba? Ciwon numfashi ba ya kashe duk wanda ya kayar. Waɗanda suka tashi sun ninka waɗanda aka binne, kuma da yawansu ba a taɓa yi musu gwaji ba, balle a rubuta sunansu a wani littafi. Suna nan tare da mu a kasuwa da masallaci.

Iskar da muke shaƙa takan bi maƙogwaro ta shiga bututu, su kuma bututun su yi ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, masu bango siriri ƙwarai. Ta wannan bangon oksijin ke ratsawa ya shiga jini. Idan bairos mai ƙarfi ya gangara har can ƙasa, yakan kashe ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon, garkuwar jiki ta tashi yaƙi, wurin ya kumbura, ruwa ya cika jakunkunan. Lokacin ne za ka ga mara lafiya yana fizgar numfashi, ana neman tukunyar oksijin ido rufe. In an tsallake, sai jiki ya shiga gyara. A yawancin mutane gyaran na tafiya daidai, ruwan ya janye, sabon bango ya tsiro. A wasu kuwa sai gyaran ya zo da tabo. Wanda ya taɓa ganin fatar da ta ƙone ta warke ya san abin da nake nufi: ta rufe, ta daina ciwo, amma ta yi tauri, ba ta miƙewa kamar da. Huhun da ya yi tabo ba ya buɗewa sosai, oksijin kuma na shan wahalar ratsa bangon da ya yi kauri. Mutum yana zaune lafiya lau yake, amma da ya hau bene ko ya ɗauki buhu sai haki.

Ba bairos ɗin kaɗai ke barin illa ba. Na'urar da ke hura wa mara lafiya iska a sashen kulawa ta musamman tana ceton rai, amma ƙarfin hurawar da daɗewa a kanta kan ƙara wa huhu rauni. Korona kuma ta zo da wani abin daban, wato daskarewar jini a jijiyoyin huhu, wadda ita ma kan bar mutum da haki na tsawon lokaci.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 2003 cutar numfashi ta SARS ta kama mutum kusan dubu takwas a duniya, ta kashe 774. Ta yi wa ma'aikatan asibiti ɓarna sosai, kuma a wani asibitin jami'a da ke Beijing likitoci suka yi ta bibiyar abokan aikinsu da suka kamu har tsawon shekara 15. Abin da suka gani yana da muhimmanci ga mai son fahimtar lamarin: a shekarar farko tabon da ake gani a hoton huhu ya ragu sosai, daga nan kuma ya tsaya cak, abin da ya rage bai ƙara gushewa ba. Sun kuma ga wasu da ƙashin ƙugunsu ya lalace saboda yawan maganin sitiroyid da aka ɗirka musu lokacin jinya. A 2012 aka gano MERS a Saudiyya, wata cutar numfashi da ke da alaƙa da raƙuma, kuma wani ɗan ƙaramin bincike a can ya sake ɗaukar hoton ƙirjin mutum 36 da suka warke, ya samu kashi ɗaya cikin uku da alamun tabo. Mu da muke tura dubban alhazai ƙasa mai tsarki duk shekara, muke kuma da raƙuma a kasuwanninmu da mayankanmu, wannan labari bai yi mana nisa ba.

Da korona ta zo, asibitin Jin Yin-tan na birnin Wuhan ya bi sawun mutum 1,733 da ya sallama. Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a watan Janairun 2021. Bayan wata shida, fiye da kashi biyu cikin uku suna da aƙalla matsala ɗaya da ba ta rabu da su ba, kuma wadda ta fi yawa ita ce gajiya da raunin jiki. Cikin waɗanda ciwon ya fi tsananta a kansu, fiye da rabi aka samu iska ba ta ratsawa zuwa jini yadda ya kamata. Bayan shekara biyu an samu sauƙi, amma har lokacin fiye da rabin waɗanda aka sake dubawa suna da wani ƙorafi.

Ba na son in tsorata kowa, don haka dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Mafi yawan waɗanda suka yi korona ko mura a tsaye, ko suka kwanta 'yan kwanaki a gida, huhunsu ya koma daidai. Ko cikin waɗanda aka kwantar, akasari suna ci gaba da samun sauƙi wata bayan wata, kuma tabon da bairos ya bari yawanci ba ya ci gaba da yaɗuwa. Sannan ba kowane haki ne daga huhu ba. A birnin Toronto na Kanada, Dakta Margaret Herridge da abokan aikinta sun bi mutum 109 da suka tsira daga mummunar sarƙewar numfashi. Bayan shekara biyar awon huhun yawancinsu ya dawo daidai ko kusa da daidai, amma tafiyar da suke iya yi cikin minti shida ba ta wuce kashi 76 cikin ɗari na abin da sa'o'insu ke yi ba. Naman jikinsu ne ya zube a gadon asibiti bai dawo duka ba. Wani kuma zuciya ce ta taɓu, wani ƙarancin jini ne, wani fargabar abin da ya gani ce ke riƙe masa ƙirji. Wannan shi ne ma babban dalilin da ya sa nake cewa a duba mutum. Haki iri ɗaya ne a idon mai kallo, amma sanadinsa daban-daban ne, maganinsa ma haka. Akwai wani nau'in kumburi da kan saura a huhu makonni bayan ciwo, wanda magani ke yi wa aiki in an gano shi da wuri. Wanda ba a ce masa ya dawo ba, wa zai gano masa?

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne wajen yara, domin a nan matsalar tamu ce tun kafin a san da wata korona. Kowace uwa a ƙasar Hausa ta san ƙyanda. Mun san zazzaɓinta, mun san jan ido da ƙurajen, mun san yadda take ratsa unguwa idan zafi ya kunno kai, daga Borno har Sakkwato, daga Katsina har Maraɗi da Damagaram. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ta fi kashe yara da shi, wato limoniya, da kuma abin da take bari a ƙirjin wanda ya rayu. Ƙyanda na cikin tsoffin sanadin wata lalura da bututun huhu ke buɗewa su saki, su kasa fitar da majina. Majinar ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, yaro ya riƙa tari mai kaki kullum, musamman da safe, kowane 'yan watanni zazzaɓi da ciwon ƙirji su dawo, kowace dawowa kuma ta ƙara lalata bututun. A wasu har kan yatsunsu kan kumbura ya yi dunƙule. A ƙasashen da rigakafi ya wadata, likitocin yara ba su cika ganin irin wadda ƙyanda ke haddasawa ba. Bincike biyu da aka wallafa a 2019 sun ƙara nuna cewa ƙyanda na goge wani sashe na garkuwar da yaro ya riga ya tara, ta bar shi a buɗe ga wasu cututtukan na tsawon lokaci. Iyayenmu mata da ke cewa wane tun da ya yi ƙyanda bai ƙara lafiya ba, gaskiya suka gani.

Akwai kuma bairos ɗin da ake kira RSV, wanda kusan kowane yaro ke kamuwa da shi kafin ya cika shekara biyu. Ga yawancin yara mura ce kawai. Ga jariri ɗan watanni kuwa yakan toshe ƙananan bututu, ka ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kasa kama nono. Ƙiyasin da aka yi na shekarar 2019 ya nuna ya kwantar da yara miliyan 3.6 a asibiti, ya kashe kimanin dubu 100 'yan ƙasa da shekara biyar, kusan dukansu a ƙasashe irin namu. Yaran da ya kayar sosai sun fi sauran yawan shessheƙar ƙirji a shekarun da ke biyo baya, ko da yake masana na muhawara kan ko shi ne sanadi ko kuwa dama huhunsu mai rauni ne. Likitocin Ajantina da Chile kuma sun daɗe suna ba da labarin wani bairos, adeno, da kan liƙe ƙananan bututun jariri liƙewar da ba ta buɗewa.

Dalilin da ya sa ciwon ƙuruciya ke da nauyi shi ne huhu na ci gaba da girma har mutum ya haura shekara ashirin, daga nan ya fara raguwa a hankali har tsufa. Wanda aka taɓa masa huhu yana cikin zanin goyo, mai yiwuwa ba zai taɓa kaiwa ƙololuwar da sa'o'insa suka kai ba, saboda haka gangarowarsa daga ƙasa za ta fara. A Birtaniya an bi rayuwar dubban mutanen da aka haifa a 1946 tun daga haihuwa. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna waɗanda suka yi ciwon ƙirji kafin shekara biyu, haɗarin su mutu da ciwon numfashi tsakanin shekara 26 da 73 ya kusa ninka na sauran. A ajiye wannan kusa da alƙaluman UNICEF da ƙungiyar Save the Children, waɗanda suka ce a 2018 limoniya ta kashe yara dubu 162 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Yaran da suka rayu sun ninka haka sau da yawa, kuma su ne manoma da 'yan dako da matan gida na shekaru ashirin masu zuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 31 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka kammala allurar rigakafi ta farko-farko, a Sakkwato kuwa kashi 5. Allurar ƙyanda kyauta ce, a wata tara da kuma wata goma sha biyar. Duk uban da ya hana a yi wa ɗansa, ya sani ba mako biyu na ƙuraje kaɗai ya saya masa ba.

To me ke faruwa da wanda ya tashi da wannan lalura a garuruwanmu? Na san wani magini a unguwarmu, mutum mai ƙwazo, wanda ya kwanta ciwon ƙirji a shekarar korona. Ya tashi, ya koma aiki, amma ya kasa hawa sama da bulo. Ya je kemis aka ce asma ce, aka ba shi abin shaƙa. Ya je wani wuri aka ce taifod da maleriya, aka yi masa ƙarin ruwa. Da tarin ya ƙi tafiya aka ɗora shi a kan maganin tibi, wato tarin fuka, ya sha wata shida cur, duk da gwajin kakinsa bai nuna komai ba. Yanzu yaran da ya koya wa aiki ne ke kiransa sa ido, a biya shi rabin abin da yake samu da. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, shi ne masu cewa tun da ya ɗanɗana kwanciya ya koyi son jiki.

Ban ga laifin ma'aikacin da ya fara tunanin tibi ba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma duk wanda ya yi mako biyu yana tari dole a gwada shi. Matsalar ita ce idan gwajin ya fito babu, babu wata ƙofa ta biyu da za a tura shi. Tibi na da shiri, da rajista, da magani kyauta, da jami'in da ke bin wanda ya daina zuwa. Sauran cututtukan huhu masu daɗewa ba su da ko ɗaya. Ma'aikaci na ganin mutum na wahala, abin da ke hannunsa kawai zai ba shi. Ko waɗanda suka yi tibi na gaske suka warke, da yawansu na fama da irin wannan tabo, su ma da an ce ƙwayar ta mutu sai a rufe katinsu.

Daga nan sai kemis ya zama asibiti. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna maganin dexamethasone na rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Wannan magani ne na kwanaki ƙalilan a ƙarƙashin kulawar likita. A wajenmu kuwa ana sayensa kamar alewa, har cikin haɗin sha-ka-fashe. Mai haki in ya sha yakan ji daɗi na ɗan lokaci, sai ya maimaita, wata da watanni, har ya jawo wa kansa ciwon suga, hawan jini, lalacewar ƙashi, ko ya tayar da tibin da ke kwance a jikinsa. Haka ake shan maganin kashe bakteriya kan kowane tari, alhali ba ya taɓa bairos kuma ba ya goge tabo.

Al'adarmu ta dubiya ma, duk kyanta, tana ɓoye abin. Ka tambayi mara lafiya ya jiki, ko yana jin ransa zai fita zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Tarbiyya ce da tawakkali, kuma ba na son mu rabu da su. Amma ma'aikacin lafiya da ɗan da ke jinyar mahaifinsa su san cewa wannan amsa ba awo ba ce. A yi tambayar da ke da amsa: "Baba, daga gida zuwa masallaci sau nawa kake tsayawa ka huta?" "Inna, har yanzu kina iya jan guga, ko sai an ja miki?" "Yaron nan in ana ƙwallo yana shiga, ko gefe yake zama?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi ta hanyar da zai iya faɗa ba tare da ya ji kamar yana raki ba.

Huhun da ya ji rauni kuma iskar da muke da ita zai koma shaƙa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ya zube mana. A cikin gida akwai hayaƙin itace da gawayi, a madafin da sau da yawa ba shi da taga, uwa na girki jaririn da aka sallamo makon jiya na goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ga janareta a bakin taga, ga maganin sauro na kunnawa a ɗaki rufe, ga turaren wuta, ga sigari da shisha. Ba za a hana hunturu zuwa ba, ba kuma kowa ke da kuɗin gas ba, amma fitar da murhu waje, da nisanta mai jinya daga hayaƙi, da sa takunkumi ranar da hazo ya yi yawa, ba sa cin ko sisi. Sai dai wani ya gaya wa iyalin, kuma mintin da ake rubuta takardar sallama ana rigimar kuɗin gado ba lokacin wannan bayani ba ne.

Na san abin da za a ce. Ƙasar da maleriya da kwalara da tamowa ke kashe yara kullum, asibitocin da likita ɗaya ke ganin layin da ba ya ƙarewa, ina suka ga sararin bibiyar wanda ya riga ya tashi da ƙafarsa? Tambaya ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Amma mutanen nan ai suna dawowa asibitin ko an kira su ko ba a kira su ba. Suna dawowa cikin dare a sashen gaggawa, suna cin gado da oksijin, suna shan maganin tibi na wata shida da aka tanada don wani, suna sayar da akuya da gona a kan allurai marasa amfani. Kuɗin ana kashe shi, a wurin da bai dace ba. Kuma abin da nake nema ba ginin sabon asibiti ba ne.

Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta ba da shawara tun 2020 cewa wanda korona ta taɓa wa huhu a sake ɗaukar hoton ƙirjinsa bayan mako 12, wanda ya fi jin jiki kuma a fara tuntuɓarsa tun mako huɗu zuwa shida. Ana iya ɗaukar wannan a daidaita shi da halinmu, a faɗaɗa shi ga duk wanda ya sha oksijin saboda ciwon ƙirji, ko me ya jawo shi. A ranar dawowa, nas ko jami'in lafiya na iya yin mafi yawan aikin. A maƙala masa 'yar na'urar awon oksijin a yatsa, a sa shi ya yi ta kai da komo a baranda na minti shida, a ga nisan da ya yi da kuma ko awon ya faɗi. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama. A nan akwai abin lura da ya shafe mu kai tsaye: wani bincike a jihar Michigan ta Amurka a ƙarshen 2020 ya gano na'urar ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, tana nuna awo mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farare. Don haka in na'ura ta ce lafiya, mutum kuma ga shi yana haki a gabanka, a yarda da mutumin. Wanda aka ga alama a jikinsa sai a tura shi babban asibiti a yi masa hoto da awon hura iska. Na'urar wannan awon ba ta fi a riƙe ta a hannu ba, kuma babu dalilin da zai sa a ce sai an je asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri kafin a same ta. Kowane babban asibitin jiha ya kamata ya mallake ta da wanda ya iya aiki da ita.

Sai kuma abin da aka tabbatar yana taimaka wa masu lalurar huhu mai daɗewa, wanda kuma ya fi komai araha: atisayen farfaɗo da numfashi. Ana tara marasa lafiya rukuni-rukuni, sau biyu a mako, na mako shida zuwa takwas, su yi tafiya, su hau matakala, su ɗaga ɗan nauyi, a koya musu yadda ake sarrafa numfashi da fitar da majina. Ba ya goge tabo, amma yana dawo da ƙarfin jiki ta yadda huhun da ya rage zai wadatar, yana kuma cire tsoron motsi, domin mai haki yakan daina motsi, rashin motsin kuma ya ƙara masa haki. A Kampala ta Yuganda, likitocin Jami'ar Makerere sun gwada wannan ga waɗanda tibi ya lalata wa huhu, da kayan aiki masu sauƙi, marasa lafiyar kuma suka samu ƙarin ƙarfin tafiya da sauƙin rayuwa. Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye likitocin fisiyo, masu jinya ta hanyar gashi da motsa jiki. Masu ilimin muna da su, rumfa da benci da baranda ma akwai.

A Janairun 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 6.45 don kafa cibiyoyin samar da oksijin 38 a faɗin ƙasa. Mataki ne mai kyau, kuma kowace tukunya da ta isa gadon yaro na nufin ƙarin wanda zai rayu. Amma ƙarin masu rayuwa na nufin ƙarin masu buƙatar bibiya, kuma kuɗin wannan bibiya ɗan kaɗan ne in aka gwada da na injinan. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi da asusun kula da lafiya a matakin farko su sa ziyarar dawowa cikin abin da suke biya, domin talakan da ya ƙarar da abin hannunsa a jinya ba zai sake yankar kati don a duba shi ba alhali yana ganin ya tashi.

Kwamishinonin lafiya na jihohinmu kuma akwai abin da za su iya yi da takardar umarni ɗaya, ba tare da jiran Abuja ba. Duk wanda aka sallama bayan ciwon ƙirji a ba shi kati a hannunsa, a rubuta abin da ya kwantar da shi, kwana nawa ya yi a kan oksijin, ko an sa shi a na'ura, da ranar da zai dawo. A karanta wa uwa ko mai jinya da Hausa, a gaya mata alamun da ba a jira da su: tari mai kaki da ya wuce wata guda, jini a kaki, kumburin ƙafa, ramewa, ko hakin da ke ƙaruwa maimakon raguwa. A ce mata ta adana katin tare da na rigakafi. Yaron da aka kwantar yana wata takwas ba zai tuna komai ba, kuma likitan da zai gan shi yana ɗan shekara ashirin da biyar yana tari, wannan katin ne kaɗai zai hana shi fara lalube daga asma zuwa tibi.